Jirgin Surukina da Fentin da Ya Ƙi Zama

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Surukina, mahaifin maigidana, ya rasu ranar Talata da hantsi, gero na fitar da kai, aka kai shi makwancinsa kafin azahar.

Kwana uku ina zaune bayan zana ina jin masu gaisuwa. Maza suna ƙofar gida ƙarƙashin aduwa, kuma zana ba ta hana magana wucewa. Duk wanda ya zo sai ya yi addu'a, a shafa, a ce Allah ya ba da haƙuri. Daga nan sai murya ta yi ƙasa.

"Ɗakin ga hwa, an buɗe shi?" in ji wani, yana nufin ɗakin aikin marigayi.

Aka ce ba a buɗe ba.

"To kar a yi gaugawa. A bari masu sani su zo."

Wani dattijo da ya zo daga Kieshe ya ce shi dai bai taɓa ganin mutumin da ya shekara yana shiga barikin Turawa yana fita, bai bar maganar kowa a can ba. Mai kantin bakin kasuwa, wanda ya sha zagi a bakin marigayi fiye da kowa a Dogon Dutsi, shi ne ya yi kuka har da majina, na kasa gane ko baƙin ciki ne ko sauƙi ya samu. Ƙanwar marigayi, tsohuwar 'yar bori da ta zo daga wajen Lugu, ba ta zubar da hawaye ba. Ta zauna ta juya wa ɗakin baya. A rana ta uku sai ƙanen marigayi ya ce a ɗauko abin da ke cikin ɗakin a jefa tsohuwar rijiya, a bi da ƙasa, kowa ya huta.

Nan na aika aka kira mini maigidana. Na ce masa in an jefa ɗan jirgin ƙasan nan da ke ɗakin a rijiya, ni ma a nemo mini tawa. Ya dube ni kamar bai san ni ba, don ya san abin da ya shiga tsakanina da ubansa.  Da la'asar ya shigo da jirgin a kafaɗa, ya ajiye shi ɗakina tsakanin tukwane.

Ba zan ce Baba mutum ne mai daɗin zama ba. In na faɗi haka, waɗanda suka san shi za su daina saurarona. Amma ba na so a bar shi a bakin mutane a matsayin tsohon da ya ajiye iska a ɗaki, ko kunnen Nasara. Na zauna gidansa shekara goma sha bakwai, na san abin da na gani.

Aikinsa gyaran kwanoni ne da fitilu da bokiti. Yana liƙi da dalma, yana yanka garwar kananzir ya mai da ita abin da ka ce. Hannunsa babu na biyu a garin, amma kafin ya karɓi kwanonka sai ka sha tambaya. "Wa yat turo ka? Mi ya sa ba ka kai ma wani ba?" In ka gaishe shi da fara'a da yawa, sai ya yini yana tunanin abin da kake nema. In ba ka gaishe shi ba, sai ya ce dama ya sani. Ba ya zama ya ba ƙofa baya. In zai fita yakan tankaɗe toka da rariya a bakin ɗakin aikinsa, ya dawo ya tsuguna yana dubawa. Kaji sun sha jifa a kan tokar nan.

Inna, uwar maigidana, ita ta gaya mini mafarin abin. Tun yana saurayi, wata rana gardawan bariki, 'yan sandan Nasara, suka zo neman mutanen aikin dole na hanya. Ba shi ne a layi ba, gidansu sun riga sun ba da mutum a shekarar. Amma sai ga sunansa a bakin gardi. Wani ne ya ba da shi don ya fid da nasa. Bai taɓa sanin ko wane ne ba, kuma wanda bai san mai cutarsa ba kowa yake kallo. Bayan wata biyu yana fasa dutse ya gudu, ya tsallaka ƙasar Ingilishi, ya yi ta tafiya har wani gari da jirgin ƙasa ke tsayawa. Can ya shekara bakwai yana ɗaukar gawayin ƙasa a kai yana zuba wa jirgi.

Da ya dawo ya ba da labari, sai aka mai da shi abin dariya. Ƙarfe mai cin wuta, ya sha ruwa, ya ja gidaje ashirin a bayansa? A majalisa in wani ya shara ƙarya sai a ce, "Ka hau jirgin wane." Har Inna, da ya matsa mata, cewa ta yi, "Ban ce ƙarya kake ba. Ban dai gani ba." Ta ce mini daga ranar bai sake tayar da maganar ba. Sai ya shiga tara ƙarafa don ya ƙera ɗan ƙaramin jirgi ya nuna musu.

Ni ɗiyar maginan tukwane ce. Uwata maginiya, kakata maginiya, tun ban kai ɗaukar tulu ba na san ƙamshin yumɓu. Da aka kawo ni gidan, jirgin ya kusa ƙarewa. Tsakanina da Baba kuwa sai kunya irin ta suruki: ban kiran sunansa, ban haɗa ido da shi, in muka yi kiciɓis a tsakar gida sai in durƙusa in kau da kai har ya wuce. In yana da magana da ni, Inna yake gaya wa, ko da ina tsaye a wurin. "Ki hwaɗa ma ɗiyar mutane hayaƙin tukwanenta na shiga min ɗaki." Inna ta juyo ta maimaita mini, in ce na ji, ta juya ta ce masa na ji.

Ranar da ya fara kunna jirgin, ya sa aka kulle ƙofar gida. Ta ramin zana na leƙa. Tsawonsa bai wuce kamu biyu ba. Ya shimfiɗa masa hanya da ƙarfen ɗaurin ganga a kan katako, daga bakin rumbu zuwa gindin magarya. A bayansa akwai ɗan murhu na gawayi. A tsakiya akwai tukunyar ruwa ta jan ƙarfe da ya taho da ita tun daga can. Wutar takan bi ta cikin 'yan bututai a cikin ruwan, ta fito gaba, ta taru a wani ɗan ɗaki mai ƙofa kamar murfin kwano, sannan hayaƙi ya hau bututu ya fita. Wannan wurin na gaba shi yake kira ɗakin hayaƙi. Duk jirgin ya sha baƙin fenti, yana ɗaukar ido.

Ya hura, ya hura. Ruwa ya tafasa. Abin ya yi tari sau biyu, ya saki tururi, sai ga shi yana tafiya da kansa. Na toshe bakina da zane. Inna tana zaune a kan turmi, ta bi shi da ido har gindin magarya, ta ce, "To." Iyakar abin da ta ce ke nan.

Shi kuwa ba ita yake kallo ba. Ya durƙusa gaban jirgin. Fentin ɗakin hayaƙi ya yi bororo, ya kumbura kamar fatar da ruwan zafi ya zuba wa, wani wurin ya fashe yana wari. Ya sa farce ya taɓa, ya ɓare.

"Ba haka huskatai take ba," ya ce. "Na gaskiya baƙi ƙirin ne, kana ganin kanka ciki. Wutatai kuwa ta hi wagga sau dubu. In wancan bai ƙone ba, don mi wanga za shi ƙone? Akwai hannu cikin lamarin ga."

Ya rantse ba mai ganin jirgin a gari sai fuskarsa ta zauna daidai. Ba zai ba su abin da za su ƙara yi masa dariya ba.

Mai kanti ne ya fara shan tuhuma. Baba ya ce ya surka masa fenti da man gyaɗa. Mutumin ya rantse, ya buɗe sabon gwangwani a gabansa. Aka kankare, aka shafa, aka kunna, ya sake yin bororo. Sai zato ya koma kan maƙwabcinmu, wai ya leƙo ta kan darni da mugun ido. Aka ƙara wa darni tsawo. Ya sake ƙonewa. Ƙanwarsa ta zo ta ce doguwa ce, aljanar gidan, ba a gaya mata za a kawo baƙo ba, a zuba mata nono. Ya ce shi ya bar waɗannan abubuwa, amma Inna ta ce ta ga ƙwarya da nono a bayan ɗakin washegari. Shi ma bai hana ba.

Ni tun rana ta farko na san abin da ke faruwa. Duk wadda ta taɓa gasa tukunya ta sani. Wurin da ruwa ke ciki, ruwan na shanye zafi, shi ya sa fentin tsakiya bai taɓa motsi ba. Ɗakin hayaƙi kuwa babu ruwa, wuta ce tsirararta take dukan siririn kwano, fenti na bayansa. Kuma yana shafawa yau ya kunna gobe, alhali ko tukunya ba a jefa ta wuta ɗanya. Amma ta wace ƙofa zan faɗi wannan?

Ana cikin haka yaƙin Turawa ya taso, aka rufe iyaka tsakaninmu da ƙasar Ingilishi. Kaya suka daina shigowa. Duk wanda ya taɓa zama can sai aka sa masa ido. Aka ɗebi maigidana soja ina da goyo. Gidan ya rage daga Baba sai Inna sai ni.

Wata safiya gardi ya yi sallama, ya shigo har tsakar gida ba a ce masa shigo ba. Ya ce labari ya kai kunnen Kumandan, Baturen da ke mulkin bariki, cewa akwai ƙarfe a gidan nan mai wuta da hayaƙi, wanda aka zo da shi daga wajen Ingilishi. Wasu sun ce bindiga ce, wasu sun ce da shi ake magana da mutanen can.

"Tsoho, ran Litinin ta sama ka kai shi bariki da kanka. In ba ka kai ba, mu za mu zo mu kai ku tare."

Da ya fita, Baba ya daɗe a tsaye. Kowa ya san inda ake kai wanda aka ce yana magana da Ingilishi, kuma ba a cika dawowa ba. Sai ya juya wajen Inna, yana magana a hankali.

"Mutum ukku sunka ga jirgin ga yana tahiya. Ni, da ke, da mai leƙe ta zana. Ki tambayi ɗiyar mutane, kawunta ba shi na masinja a bariki ba?"

Gaskiya ne, ƙanen uwata masinja ne a can. Na durƙusa inda nake, na ce wa Inna ta gaya masa rabona da kawuna tun sunan ɗana. Ta gaya masa. Ya ce, "Haka za ta ce." Daga ranar ya daina cin tuwon da na tuƙa.

Fentin da ya rage a gwangwani bai wuce gaɓar yatsa ba, kuma babu inda za a samo wani. Shafa ɗaya ke nan. Na ji shi yana gaya wa Inna cewa in ya kai abin da ƙonanniyar fuska, Nasara zai ga bakin bindiga ne da ya sha albarushi. Ko da bai ga haka ba, zai yi dariya. Ban san wanne ya fi tsoro ba.

Na kira Inna bayan rumbu na yi mata bayanin wuta da ruwa da yumɓu, na ce ta kai masa kamar daga kanta ya fito. Ta je. Ban ji abin da ta ce ba, amma na ji amsarsa har inda nake: "Yaushe kinka zama maginiya? Ashe har cikinai ta leƙa!"

Ranar Juma'a kasuwar Dogon Dutsi ke ci, kuma ba ya fashin ta. Ya kankare ɗakin hayaƙi tun da safe, ya ajiye sai ya dawo ya shafa. Ya tankaɗe tokarsa, ya ɗauki kayan liƙi ya fita. Na kwantar da ɗana. Na ɗebo yumɓun da nake gina tukunyar miya da shi, na daka fasasshiyar tsohuwar tukunya ta yi laushi na zuba, na ƙara ƙaiƙayin gero, na cuɗa har ya daina kama hannu. Da na iso bakin ɗakin na tsaya ina kallon tokar. Ina iya tsallake ta, ƙafata ta kai. Sai na ga in na tsallake, na zama abin da yake faɗi. Na taka tsakiyarta da ƙafar dama, na danna.

Na buɗe 'yar ƙofar. Yatsu biyu kawai ke shiga. Na bi bangon ciki da yumɓu, kaurin bayan wuƙa, na kauce wa bakin bututai don kar in toshe wa hayaƙi hanya. Na shafe bayan ƙofar ma. Gumi na shiga mini ido. Na rufe, na fito.

Ya dawo bayan la'asar. Na ji ya tsaya a bakin ɗaki inda sawuna yake cikin toka, na ji ƙarar ƙofar, sannan na ji ya kira Inna da wata murya da ban taɓa ji ba.

"Ki hwaɗa mata ta ɗaure kayanta. Gobe ta koma gidan ubanta. Ta kai ni ga Nasara bai ishe ta ba, sai ta cika min jirgi da laka!"

Inna ta juyo gare ni za ta maimaita mini. Sai na yi abin da ban taɓa yi ba. Ban dube shi ba, turmi na duba, amma na ɗaga murya yadda zai ji.

"Inna, ki ce ma Baba na ji, gobe ina tahiya. Amma kahin shi kankare, shi ɗauko murhin gwangwani biyu. Guda shi shahwa mai laka ta ciki, guda shi bar shi haka. Shi ɗiga ma kowane henti, shi shanya. In sun bushe shi kara su ga wuta. In ƙarya nike, ya gani da idonai."

 Ɗana ya farka yana kuka, ban motsa ba.

"Ji wayo," Baba ya ce. "So take in ƙarar da hentin."

Ya shige ɗaki. Na ɗaure kayana. Da safe na fito da su a kai, sai na ga murafu biyu a kan danga suna shan rana, kowane da ɗigon baƙi kamar ƙwayar wake, ga sauran yumɓuna da na bari a kasko an yafuce gefensa. Inna ta zo ta sauke mini kayan.

"Ya ce ki dakata har shi gani. Bai ce kin zauna ba."

Ran Lahadi ya kara su a wuta. Ɗaya ya yi bororo nan take. Ɗayan ya yi zafi, ya ɗan yi wari, ya zauna. Ya sake karawa, ya zauna. Ya juya shi, ya shinshina, ya ƙwanƙwasa, kamar yana neman inda aka ɓoye ƙaryar. Can sai ya ce da Inna, yana kallon sama, "Ki tambaye ta, in an shahwa, sai mi?"

Kwana takwas suka rage, muka yi aikin tare ba tare da mun yi wa juna magana ba. Inna ce a tsakiya tana kai wa tana kawowa. Na ce a bar yumɓun ya bushe a inuwa kwana biyu, in ya tsage a cike. Na ce ya shafa fentin siriri, kar ya labta. Ya sha rana kwana uku. Sannan a sa masa garwashi biyu kawai, ya ji ɗumi ya huce, gobe a sa huɗu, jibi a ƙara, kamar yadda muke ɗumama tukwane kafin gashi. Bututun hayaƙi kuwa baƙin ƙarfe ne, ya yi ƙanƙanta, yumɓu ba zai shiga ba. Na ce kar ya ɓata fenti a kansa. Ya gasa shi ya yi zafi, ya tsoma a ruwan bagaruwa da nake baƙanta tukwane da shi, ya goge da mai. Kowace magana sai ya ce, "Wa yag gwada mata wanga?" sannan ya yi.

Ran Litinin ya ɗora jirgin a kan jaki, Inna ta bi shi da katakon hanya a kai. Ni ban je ba, ita ta ba ni labari. An shimfiɗa a farfajiyar bariki da rana tsaka, gardawa sun ja baya da bindigoginsu. Kumandan ya sa aka buɗe ko'ina, ya leƙa, ya ga laka a ciki, ya tambayi tafinta mene ne wannan. Baba ya ce, "Ranka shi daɗe, rigar ciki ta." Ya kunna. Jirgin ya yi tari, ya tashi, ya je ya dawo sau huɗu, fuskarsa baƙa wul tana walƙiya. Nasaran ya tsuguna kamar yaro, ya kai bayan hannu kusa da ɗakin hayaƙi, ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ya ce a ƙasarsu ma manyan jirage ba fenti ake sa wa wurin nan ba, wani baƙin gari ake kwaɓawa da mai ana goga musu kullum. Inna ta ce da tafinta ya juya wannan magana, Baba ya yi kamar an mare shi. Shekara da shekaru yana zargin mutane a kan abin da ba fenti ba ne tun asali.

Duk da haka bai manta da tasa ba. Ya ce a tambayi Kumandan wa ya kawo ƙararsa. Nasaran ya kaɗa hannu, ya ce mai hannu irin wannan bai kamata ya zauna banza ba: shekara guda zai riƙa zuwa kowace Litinin yana gyara fitilu da bokitan bariki. Ba a kulle shi ba, amma daga nan gari ya juya. Wanda ya ƙi yarda da kowa, sai ga shi ba wanda ya yarda da shi. In ya doso majalisa sai a canza magana.

Ni kuwa ba a ce in tafi ba, ba a ce in zauna ba. Ya koma cin tuwona, amma zargin kai ƙara yana nan a kaina. Na san haka don in kawuna ya zo gaisuwa, Baba yakan bar aikinsa ya zo ya zauna inda zai ji mu.

Bayan kamar wata biyu, muna sussuka ni da Inna, sai ta ajiye taɓarya ta fashe da kuka.

"Ɗiyata, ni ce."

Na ce ita ce me.

"Ni nak kai labarin. Ba ga Nasara ba, wallahi. Bakin rijiya ne. Matan nan na dariya, guda ta ce mijina ya hau jirgin ƙarya. Sai nij ji raina ya ɓaci, nic ce ni na gani da idona, yana tahiya cikin gidana, yana hid da hayaƙi. Ashe matar gardi na bayana." Ta kama hannuna. "Shekara talatin bai yarda da kowa ba sai ni. In ya ji, ba shi da sauran kowa. Ki rufa min, har bayan raina."

Na yi fushi, ba zan ɓoye ba. Ta bar ni na ɗaure kaya tana kallo. Kwana biyu ban yi mata magana ba sai gaisuwa. A na uku na ce mata na ɗauka. Ta riga shi rasuwa da shekara uku, ban faɗa ba. Yanzu da duk su biyun suka tafi, ba wanda maganar za ta cuta.

Bai taɓa ce mini na gode ba, bai taɓa cewa ya yi kuskure ba. Amma a damanar wannan shekarar na je wurin gashi na tarar da dogon ƙarfe mai lanƙwasa a kai, da mariƙin itace, irin wanda za ka jawo tukunya daga wuta ba ka ƙone ba. Da can da sanda muke yi, hannuwana duk tabo ne. Na sa Inna ta yi masa godiya. Ya ce shi bai san zancen ba, a bincika ko wani ne ya yar, kar a je na sata ne.

Ciwon ajalinsa wata biyu ya yi. Maigidana, da Allah ya dawo da shi lafiya tun bayan yaƙi, yana gona, ni ce a gida. Babu Inna da za ta tsaya a tsakiya. Nakan kai masa kunu in ajiye a bakin ƙofa in koma, sai ya kira ni ya ce da bango, "A ɗanɗana." In kurɓa a gabansa, sannan ya sha.

Ana saura kwana biyu ya cika, da hantsi, na kai kunun na durƙusa. Sai na ji ya ce, "Ke."

Ban taɓa jin ya yi magana da ni kai tsaye ba. Na ɗago, muka haɗa ido. Ya rame ƙwarai, amma idon nan nasa mai bincike yana nan.

"Ke ce kinka kai ni?"

"Ba ni ba ce, Baba."

"Kin san ko wa ne?"

 Ƙarya ba ta wuce shi, ya daɗe yana jiran ta.

"Na sani."

"Hwaɗi."

"Ba ni hwaɗi. An ba ni ajiya."

Ya daɗe yana kallona. Ƙofar ɗakin Inna tana daidai inda yake kwance, a rufe tun rasuwarta. Bai dubi wajen ba, ni ma ban duba ba. Numfashinsa na fita da ƙyar.

"Tun yaushe?"

"Tun shekarar da anka yi abin."

"Kina ji ina zarginki, kinka yi shiru."

"Na yi."

Ya rufe ido. Na ga ruwa ya gangaro ta gefen fuskarsa ya shige kunne. Na zaci barci ya ɗauke shi, na yunƙura zan tashi. Sai ya miƙo hannu wajen ƙwaryar, ya ce, "Ɗiyata, ba ni kunun ga."

Na ɗauka na miƙa masa da hannu biyu. Ya kai baki, ya tsaya, ya buɗe ido ɗaya ya dube ni.

"Kin ɗanɗana?"

Na karɓa na kurɓa, ina dariya ina kuka, na mayar masa. Ya shanye tas.

Allah ya gafarta wa Baba abin da ya zata da abin da aka zata masa. Allah ya sanyaya masa makwanci, ya haɗa shi da Inna a inda babu sauran abin ɓoyewa.